Meiji, Fushimi Inari, Ise ko Izumo: ina baƙo zai je idan yana son fahimtar addinin Shinto?

Duk wanda Allah ya kai shi Japan, ko karatu ya kai shi, ko taro, ko harkar motoci da kayan gyara, ba zai yi kwana biyu ba sai ya ci karo da wata ƙofa marar ƙyaure: ginshiƙai biyu a tsaye, an gitta musu katako biyu a sama. Sunanta torii, kuma ita ce alamar cewa daga nan an shiga harabar wurin bauta na Shinto, wanda suke kira jinja. Irin waɗannan wurare sun kai 80,000 a ƙasar. Mai 'yan kwanaki ƙalilan da guzuri daidai ƙima ba zai iya zaga su ba, dole ya zaɓa. Huɗu ne aka fi ambata wa baƙo: Meiji Jingu a Tokyo, Fushimi Inari a Kyoto, Ise Jingu a lardin Mie, da Izumo Taisha a lardin Shimane. Kowanne fuskar da yake nunawa daban ce, kuma kuɗin zuwa ma akwai tazara sosai a tsakaninsu.

Kafin a shiga awo, ga abin da ya kamata a riƙe game da addinin kansa. Shinto ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafi guda da ake komawa gare shi a yanke hukunci, ba shi da kalmar da mutum zai furta ya shiga. Tsofaffin littattafai biyu, Kojiki na shekarar 712 da Nihon Shoki na 720, sun tattara labaran asali, amma ba karanta su ake yi a wurin bauta a matsayin wa'azi ba. Abin da ake girmamawa shi ne kami, kuma kami na iya zama rana, ko dutse, ko kogi, ko tsohuwar bishiya, ko kakan wata zuriya, ko wani sarki da ya shuɗe. Abin da ya fi damun mai wannan addini shi ne tsarki. Suna ganin mutuwa da jini da masifa suna barin wata dauɗa a jikin mutum, kegare, wadda ake kawarwa da ruwa da gishiri da addu'ar tsarkakewa. Shi ya sa idan ka tambayi mutumin Japan abin da ya yi imani da shi, sau da yawa zai ce shi ba shi da addini, amma ka dawo ranar 1 ga Janairu ka same shi a layi a bakin jinja. An kai shi can yana jariri ɗan wata guda, an sake kai shi yana yaro, wataƙila a can zai ɗaura aure, amma ranar da ya mutu malaman addinin Buddha ne za su yi masa jana'iza. Alƙaluman da ƙungiyoyin addinai ke miƙa wa gwamnati, idan aka haɗa su, sun zarce yawan mutanen ƙasar, saboda ana ƙirga mutum ɗaya a gida biyu. To addinin da a aikace yake rayuwa, sai an je an ga aikin kafin a gane shi. Wannan ne ya sa zaɓin wuri yake da muhimmanci.

Ma'aunan da za a bi

Na farko kuɗi. Dukkan huɗun shiga kyauta ne, don haka abin da za a lissafa shi ne sufuri da kwana. Na biyu sauƙin zuwa, wato awa nawa daga Tokyo da kuma ko wanda bai iya harshen ba zai kai kansa. Na uku, wanda ni a wurina shi ne babba, mene ne wurin zai koya maka wanda zai zauna a kanka bayan hotunan waya sun tsufa. Na huɗu haɗari da takura: cunkoso, gajiya, abinci, wurin salla, da kuma iyakar da ke tsakanin kallo da shiga ibada.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a yi masa magana a fili tun yanzu, domin yawancin masu karanta wannan Musulmi ne ko Kirista. Ibadar mai ziyara a jinja sananniya ce: ya wanke hannu da baki a kwamin ruwa, ya je gaban ɗakin, ya jefa sulalla a akwati, ya sunkuya sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake sunkuyawa sau ɗaya. Daga nan wasu su sayi laya, omamori, wasu su zari takardar duba sa'a, omikuji, wasu su rubuta buƙatarsu a ɗan allon katako, ema, su rataye. Babu mai tilasta wa baƙo ko ɗaya daga cikin waɗannan, babu mai tsayawa a ƙofa yana tambayar addininka. Kana iya tafiya a nitse, ka tsaya daga gefe, ka ga komai, ka fita ba ka sunkuya wa kowa ba, ba kuma ka ɓata wa kowa rai ba. Abin da ake nema daga gare ka ladabi ne kawai: ka sassauta murya, ka bi gefen hanya domin tsakiya a wurinsu ta kami ce, kada ka ɗauki hoto inda aka hana. Kuma kada ka taɓa kayan wurin da wasa. A watan Nuwamban 2024 'yan sanda sun kama wani ɗan yawon buɗe ido daga Amurka saboda ya karce haruffa a jikin torii na Meiji Jingu. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da shiga harabar ba ko kaɗan, ya tambayi malaminsa kafin tafiya, akwai gidajen tarihi da za su wadatar da shi, zan ambace su.

Meiji Jingu, a tsakiyar Tokyo

Wannan shi ne mafi sauƙi, babu ma gasa. Ka sauka a tashar Harajuku ta layin Yamanote, ka juya, ga torii a gabanka. Kuɗin jirgi daga tsakiyar birnin kimanin yen ɗari biyu zuwa uku ne (yen shi ne kuɗin Japan). Ana buɗewa da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Lambun ciki ne kawai ake biyan yen 500, sai gidan tarihin da aka buɗe a 2019, yen 1,000.

Wurin sabo ne idan aka kwatanta da sauran. An kammala shi a 1920 domin Sarki Meiji, wanda ya rasu a 1912, da matarsa Shoken, wadda ta rasu a 1914. Bama-baman 1945 sun ƙone shi, aka sake gina shi a 1958. Abin da zai fara kama idonka shi ne dajin da ya kewaye shi, hekta 70 na inuwa a cikin birni mai gine-gine kamar su taɓa sama. Dajin nan dasa shi aka yi. Bishiyoyi kusan 100,000 aka aiko da su kyauta daga sassan ƙasar, matasa 'yan sa-kai suka dasa, kuma masanan da suka tsara shi sun yi lissafin yadda zai koma daji mai ciyar da kansa bayan shekara ɗari. Har yau ganyen da ya zubo a kan hanya sharewa ake yi a mayar da shi gindin itatuwa. A bakin hanya za ka ga gangunan barasar shinkafa an jera su a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma gangunan giyar inabi daga Burgundy ta Faransa, domin shi Sarki Meiji a zamaninsa ne ƙasar ta buɗe ƙofa ga kayan Turai.

Darasin Meiji shi ne Shinto na rayuwar yau. Ka je Asabar ko Lahadi da hantsi, da wuya ka rasa tawagar ɗaurin aure: kannushi, wato mai jagorantar ibada, a gaba, 'yan mata masu hidima sanye da fari da ja a bayansa, ango da amarya ƙarƙashin jar lema, dangi na biye a hankali. Idan tsakiyar Nuwamba ce za ka ga yara 'yan shekara uku da biyar da bakwai an caɓa musu ado, bikin Shichi-Go-San ke nan na ranar 15 ga wata. Akwai ma filin da ake kawo sabuwar mota a tsarkake ta. Allunan ema kuwa da harsuna iri-iri ake rubuta su, kuma abin da ke cikinsu duk buƙatun ɗan Adam ne: cin jarrabawa, lafiyar uwa, samun aiki.

Akwai kuma darasin siyasa ga mai son ya lura. A 1868 gwamnatin Meiji ta raba Shinto da addinin Buddha bayan sun yi fiye da shekara dubu a cakuɗe, ta ɗora sarki a tsakiyar al'amarin, har abin ya zama makamin kishin ƙasa da yaƙi. A Disambar 1945 hukumomin mamaya na Amurka suka yanke alaƙar gwamnati da jinja, tsarin mulkin 1947 kuma ya tabbatar da 'yancin addini. Wani zai ce maka ka je Yasukuni, jinja da ke Tokyo wanda aka keɓe wa waɗanda suka mutu a yaƙi, idan wannan tarihin kake nema. Ban ba ka shawarar ka fara da can ba. Tun da aka shigar da sunayen manyan masu laifin yaƙi 14 a 1978, wurin ya zama abin rikici da Sin da Koriya, kuma wanda ya fara da shi zai ɗauka duk Shinto haka yake.

Takura a Meiji kaɗan ce, in ban da kwana ukun farko na shekara da mutane kusan miliyan uku ke tuɗaɗowa. Masallacin Tokyo Camii, wanda Turkiyya ta gina aka buɗe a 2000, yana Yoyogi-Uehara, tasha biyu kacal a jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Chiyoda. Kuma a nan Shibuya, gundumar da Meiji yake, akwai gidan tarihi na Jami'ar Kokugakuin, ɗaya daga cikin jami'o'i biyu da ke horar da kannushi. Shiga kyauta ne, yana da sashe na musamman kan Shinto, kuma shi ne amsar wanda ba ya son taka harabar bauta.

Fushimi Inari, a Kyoto

Wannan shi ne wanda ka taɓa gani a hoto ko da ba ka san sunansa ba: jajayen torii sun jeru kusa da kusa har sun zama rumfa, suna hawa dutse. Yawansu ya kai kimanin 10,000. An kafa wurin a 711, kuma shi ne uwa ga jinja kusan 30,000 na Inari, kami na shinkafa, wanda da tafiya ta yi tafiya ya zama na kasuwa da masana'antu. Gumakan kitsune da ke ko'ina, dabba mai kama da yanyawa, a wurinsu manzannin Inari ne, wasu da mabuɗin rumbu a baki.

Daga Tokyo zuwa Kyoto a Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, awa biyu da kwata ne, tikiti kimanin yen 14,000 zuwa kawai. Daga tashar Kyoto kuma minti biyar a layin Nara ka sauka a Inari, ƙofar tana kallon tashar. Ba a rufe wurin dare da rana.

Ga inda nake da ƙorafi. Yawancin masu zuwa suna tsayawa ne a mita ɗari biyu na farko, inda ake turereniya ana ɗaga waya, su juya da hoto mai kyau ba tare da sun fahimci komai ba. Darasin Fushimi yana bayan ginshiƙan. Idan ka wuce ta cikin rumfar ka waiwaya, za ka ga kowace torii an rubuta mata da baƙin fenti sunan wanda ya ba da ita da ranar da aka kafa ta, kuma yawancinsu kamfanoni ne da 'yan kasuwa. Ƙarama tana cin yen dubu ɗaruruwa, babba ta haura miliyan. Idan ta ruɓe a cire, wani ya biya a kafa sabuwa. A nan ne za ka gane dalilin da ya sa wasu manyan kamfanonin Japan ke da ɗan ƙaramin jinja a rufin ofishinsu, da dalilin da ya sa injiniyan da ya yi digiri a lissafi ba zai fara tona harsashin gini ba sai an kira kannushi ya tsarkake filin. Wanda ya daure ya hau dutsen, mai tsayin mita 233, tafiyar awa biyu zuwa uku hawa da sauka, zai tarar mutane sun ragu ƙwarai bayan mahaɗar Yotsutsuji, inda ake hango birnin. Can sama akwai dubban duwatsun bauta da iyalai da ɗaiɗaikun mutane suka kafa wa kansu, da kyandira da 'yan ƙananan torii a jibge. Wannan shi ne Shinto na talaka, wanda bai jira izinin fada ba.

Haɗarinsa cunkoso ne da matakala. Mai ciwon gwiwa ya tsaya a Yotsutsuji. A Yuli da Agusta zafi da gumi na Kyoto ba abin wasa ba ne ko ga wanda ya saba da zafin bazara a gida, domin iskar a jiƙe take. Da dare akwai allunan gargaɗi kan aladun daji. Dabarar ita ce a iso da sanyin safiya kafin ƙarfe bakwai. Abincin halal kuma ana samu a Kyoto, amma na bakin hanyar jinja a tambaya, domin ana yawan sa mirin, wato ruwan shinkafa mai barasa, a cikin miya da kayan haɗi.

Ise Jingu, a lardin Mie

A nan zan daɗe, domin a ganina nan ne zuciyar al'amarin take. Ise tarin jinja 125 ne, amma biyu ne manya. Naiku na Amaterasu ne, kami ta rana wadda gidan sarauta ke danganta asalinsa da ita, kuma a can aka ce an ajiye madubin da ke cikin kayan sarauta uku. Geku na Toyouke ne, mai kula da abinci. Tsakaninsu 'yan kilomita ne, bas ke haɗa su, kuma al'ada ita ce a fara da Geku.

Wanda ya zo neman ƙawa zai sha mamaki. Babu jan fenti, babu gumaka, babu ma takardar duba sa'a, domin Ise ba ta yin omikuji. Za ka haye gadar Uji, ka bi tsakuwa a ƙarƙashin dogayen itatuwa, ka ga mutane sun gangara bakin kogin Isuzu suna wanke hannu a ruwa mai gudu. A ƙarshe ga matakalar dutse, daga nan an hana hoto. Ka hau, sai ka tarar da farin labule a bakin ƙofa da shingayen katako a bayansa. Babban ɗakin ba a ganinsa sai ƙololuwar jinkarsa. Ginin kansa siffar rumbun shinkafa na zamanin da ne, katakon hinoki ba fenti, ginshiƙai a kafe cikin ƙasa, rufin ciyawa.

Sai ka dubi gefe, ka ga fili fetal daidai girman wanda aka yi ginin a kai, an shimfiɗa masa tsakuwa. Wannan filin shi ne babban darasin Ise. Duk shekara 20 ana gina sabon ɗaki a filin da ke gefe, sak irin tsohon, a mayar da kami can cikin dare, sannan a kwance tsohon. Sunan aikin Shikinen Sengu. An fara shi a 690 zamanin Sarauniya Jito, yaƙin basasa ya katse shi fiye da shekara 120 a ƙarni na 15 da na 16, aka dawo da shi. Na 62 an yi a 2013, na 63 kuma an sa shi a 2033, kuma shirinsa ya riga ya kankama tun 2025, domin aikin yana cin shekara takwas. Ba ɗakuna kaɗai ake sabuntawa ba, har gadar Uji da kayayyaki kusan 1,600 na tufafi da takubba da sauransu, duk da hannu. Na 2013 ya ci sama da yen biliyan 50, daga asusun wurin da gudummawar jama'a. Katakon da aka kwance ba a yar da shi: manyan ginshiƙan su ne ke zama torii na bakin gadar, daga baya a miƙa su gaba, sauran kuma a raba wa wasu jinja.

Wanda ya taso a gidan ƙasa ya san cewa katangar da ake yi wa yaɓe a kai a kai ita ce ke daɗewa, kuma muddin ana yaɓen, ba za a rasa maginin da ya iya ba. Hikimar Ise ke nan. Da yake duk shekara 20 ake yi, kafinta yana shiga aikin yana ɗan koyo, ya dawo yana gwani, ya sake dawowa yana shugaban aiki, don haka fasahar ba ta taɓa mutuwa da mutum ɗaya. Ko ba ka yarda da ko ɗaya daga cikin abin da suke bauta wa ba, wannan tunani ne da ya cancanci a tsaya a kalle shi da kyau.

A Geku kuma, safe da yamma, kullum, ana dafa abinci a kai wa kami, kuma an ce shekara wajen 1,500 ke nan ana yi. Wutar girkin da murza itace ake kunna ta, ruwan daga rijiyar wurin, shinkafar daga gonarsu, gishirin ma su ke dafa abinsu a bakin teku a Futami. Kusa da ƙofar Geku akwai gidan tarihi na Sengukan, wanda aka buɗe a 2012, shiga yen 300. A ciki an gina ɓangaren babban ɗakin Geku da ainihin girmansa, ga kayan aikin kafintoci a baje. Irin abin da labule ya ɓoye maka a Naiku, a nan za ka gan shi dab da hancinka, kuma ba wurin ibada ba ne.

Kuɗi fa? Tokyo zuwa Nagoya a Shinkansen kimanin yen 11,000, sai jirgin Kintetsu mai sauri daga Nagoya, awa ɗaya da minti ashirin, wajen yen 3,000. Ana iya zuwa a dawo rana ɗaya amma a gurguje, gara a kwana, domin ana buɗewa ƙarfe biyar na asuba kuma Naiku na wannan lokacin daban yake da na rana. Mai tunanin sayen tikitin mako guda na kamfanin jiragen ƙasa JR ya sani cewa a Oktoban 2023 an ɗaga kuɗinsa zuwa yen 50,000, kuma ba ya aiki a Kintetsu. Takurar Ise ita ce bayanin Turanci bai kai na Tokyo ba, abincin halal yana da wuya, wurin salla ma haka. Babban haɗarin dai shi ne mutum ya zo bai karanta komai ba, ya ga shinge da labule, ya ce ya yi asarar kuɗi.

Izumo Taisha, a lardin Shimane

Izumo na wanda ya riga ya ɗanɗana ne yana neman ƙari. Kami na nan Okuninushi ne, wanda labaran asali suka ce shi ke da ƙasar kafin ya miƙa ta ga zuriyar Amaterasu, bisa sharaɗin a gina masa katafaren gida. Don haka idan Ise bakin masu mulki ne, Izumo bakin waɗanda suka sauka ne. Babban ɗakin na yanzu na 1744 ne, tsayinsa mita 24. An daɗe ana cewa na da ya ninka haka, mutane na ɗauka ƙari ne, sai a shekarar 2000 aka tono gindin ginshiƙai da aka yi da manyan itatuwa uku-uku a ɗaure wuri guda. A nan tafi huɗu ake yi maimakon biyu. Igiyar bambaron shinkafa da ke rataye a zauren Kaguraden ta haura mita 13, nauyinta ya fi tan biyar. A wata na goma na kalandar wata, wanda yakan faɗo wajen Nuwamba, sun yi imani duk kami na ƙasar suna taruwa a Izumo, har ana fita tarbarsu da dare a gaɓar Inasa. Yawancin matasan da za ka gani kuwa neman dacen aure ya kawo su, domin an san Okuninushi da ƙulla zumunci.

Matsalar nisa ce. Jirgin sama daga filin jirgin Haneda na Tokyo awa ɗaya da rabi, ko jirgin ƙasa na dare, Sunrise Izumo, awa goma sha biyu. Ko ta ina ka bi, da kwana da komai shi ne mafi tsada a cikin huɗun, kuma a nan ne za ka fi shan wahalar harshe da abinci. Ka tafi da guzurinka.

| Ma'auni | Meiji | Fushimi Inari | Ise | Izumo |
|---|---|---|---|---|
| Sufuri daga Tokyo, zuwa kawai | yen 200 zuwa 300 | kimanin yen 14,000 | kimanin yen 14,000 | yen 15,000 zuwa sama |
| Lokacin tafiya | mintoci | awa 2 da rabi | awa 3 da rabi | awa 1 da rabi a sama, 12 a ƙasa |
| Kwana | ba buƙata | ya fi kyau | ya fi kyau | dole |
| Abin da yake koyarwa | aure, yara, sabuwar shekara, siyasa | kasuwa da bautar talaka | tsarki, sabuntawa, sarauta | labaran asali |
| Cunkoso | matsakaici | mai yawa ƙwarai | yana yawa da rana | kaɗan, sai lokacin biki |
| Salla da abinci | da sauƙi | ana samu | da wuya | da wuya ƙwarai |

Wa ya dace da wanne

Wanda taro ya kawo shi Tokyo ko Yokohama, yana da rabin yini kawai, ya je Meiji da safe a ƙarshen mako, ya biya ta gidan tarihin Kokugakuin idan a buɗe yake, ya yi azahar a Tokyo Camii. Da kuɗin da bai kai na abincin rana ba zai ga fiye da abin da wasu ke gani a mako guda.

Ɗan kasuwa, ko wanda harka ta riga ta kai shi Osaka ko Kyoto, Fushimi ce tasa, da sharaɗin ya yi sammako kuma ya hau aƙalla zuwa Yotsutsuji. Idan hoto kawai zai ɗauka a ƙasa ya juya, ban ga dalilin biyan yen 28,000 zuwa da dawowa daga Tokyo ba.

Ɗalibin tarihi ko gine-gine ko nazarin addinai, da duk wanda zai iya ware kwana biyu, ya zaɓi Ise, ya fara da Sengukan kafin ya haye gadar Uji. Idan tafiya ɗaya tak zan zaɓa wa mai son fahimta ta gaske, ita ce wannan, musamman a shekarun nan da ake shirin 2033. Izumo kuma a bar shi sai zuwa na biyu, bayan an san labarin Okuninushi, in ba haka ba igiya da dogon rufi kawai za a gani.

Saura wanda zai zauna shekara ɗaya ko fiye, kamar ɗaliban da ke kan tallafin karatu na gwamnatin Japan. Shi yana da zaɓi na biyar da bai ci ko yen ɗaya ba, wato ɗan jinja na unguwarsu, wanda wataƙila ba shi da kannushi na dindindin, tsofaffin unguwa ne ke share shi. Ya lura da shi a ƙarshen Yuni, lokacin da wurare da yawa ke kafa babban zoben ciyawa mutane na ratsawa don tsarkake rabin shekara. Ya dawo lokacin bikin unguwa na bazara ko na kaka, ya ga maƙwabtansa, har da mai kanti da direban bas, sun ɗauko mikoshi, ɗan ƙaramin ɗakin kami da ake ɗauka, a kafaɗa suna zaga layuka. Idan abokan karatu suka gayyace shi ziyarar farkon shekara a Janairu, yana iya raka su ya tsaya daga gefe, ya gaya musu tun a hanya cewa addininsa bai ba shi damar sunkuyawa ko shan barasar da ake miƙawa ba. Yawancinsu za su gyaɗa kai ne su ce sun gane, su nuna masa inda zai jira su.